Baba ya ajiye maganin hawan jini, Yaya kuma ya ce na cika shisshigi

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Birnin Kebbi, mahaifinmu kuma shina ƙauye a yankin Argungu, shekarunsa sun haura 70 amma har yanzu shina zuwa fadama noman shinkafa. Shekara uku da sunka wuce munka kai shi asibiti saboda ciwon kai da jiri, sunka ce hawan jini ne, daga baya kuma sunka ce akwai suga. Ni ke sayen magungunan ina aikawa duk wata da ɗan abin da nake samu a ɗinki. Da na je gida bikin ƙanwarmu sai na iske magungunan cikin leda ƙarƙashin katifa, wasu ko ɓallewa ba a yi ba. Na tambaye shi ya ce shi ya warke, kai ya bar ciwo, kuma maganin yana sa shi yawan fitsari, alwala ba ta zama. Yanzu wani jiƙo yake sha da ya saya ranar kasuwa, sai ƙwayoyin ciwon gwiwa da yake aika yara su haɗo masa a kemis. Abin da ya fi tada min hankali, Inna (matar Babanmu ce, mahaifiyarmu ta rasu) ta faɗa min a ɓoye wai mako biyu da sunka wuce bayan sallar asuba bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa ta sarƙe, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama, amma kafin hantsi ya dawo daidai. Sunka ce iska ce, aka yi masa rubutu da hayaƙi. Na yi wa Yayanmu magana, shi ke zaune da su, ya ce na cika shisshigi, wai don ina birni nake ganin na fi kowa sani, kuma shi ba shi da kuɗin yawon asibiti ana tsakar aikin gona. Na ce wa Inna ta rage gishiri da magi ta ce in an rage Baba ba ya cin tuwon, ita ke shan faɗa. Maigidana kuma ya ce in ƙyale su in ci gaba da addu'a. Wallahi Anti ba na barci. In na matsa a ce ba ni da kunya, in na yi shiru ina tsoron ranar da za a bugo min waya. Mi zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi miki albarka, ya ba Baba lafiya. Ɗiyar da ke ɗinki tana cire kuɗin magani duk wata tsawon shekara uku ba mai shisshigi ba ce, wannan ki ajiye shi gefe ki samu ki yi barci. Amma zan fara da abin da ya faru bayan asuba ɗin nan, don duk cikin wasiƙarki shi kaɗai ne ba zai jira a gama aikin gona ba.

Baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ɗaya ya saki, sannan komai ya dawo cikin 'yan awoyi, a jikin dattijo mai hawan jini da suga wanda ya ajiye magani, toh wannan ya yi kama ƙwarai da ƙaramin shanyewar ɓarin jiki. Abin da ke faruwa shi ne wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe na ɗan lokaci sai ta sake buɗewa kafin wurin ya mutu, shi ya sa mutum yake miƙewa kamar ba a yi komai ba, mutanen gida su ce alhamdulillahi rubutu ya ci. Matsalar ita ce abin da ya toshe ta yana nan bai je ko'ina ba, kuma haɗarin babban shanyewar ya fi yawa a kwanaki da makonnin da ke biyo baya, wato daidai lokacin da kuke ciki yanzu. Likita ne zai tabbatar bayan ya duba shi, amma ina so a cikin satin nan Baba ya ga likita, ba bayan girbi ba. Ga asibitin Sir Yahaya nan kusa da ke, ga asibitin tarayya da aka fi sani da FMC, in kuma likita ya ga ana buƙatar ƙarin bincike yana iya tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ranar tafiya a kwashi ledar ƙarƙashin katifar nan gaba ɗaya, da gorar jiƙon, da ƙullin ƙwayoyin kemis, a zube wa likita a tebur ya gani da idonsa. Kuma a faɗa masa labarin asubar nan tun farko kafin ma ya tambaya, don dattawanmu in sun shiga gaban likita sai su ce "lafiya lau, ɗan jiri ne kawai". Kar ki bugo waya ki ce ya kwashi tsofaffin magungunan ya fara sha dukansu yau, wasu ƙila sun yi esfaya, kuma ya kamata a auna jinin da sugan da ƙoda a ga inda ake kafin a tsara masa abin da zai sha.

In kuma Allah ya kiyaye abin ya dawo kafin ku je, ki koya wa Inna da matar Yaya abu mai sauƙi. A ce ya yi murmushi a ga ko baki ya ja gefe, a ce ya ɗaga hannu biyu a ga ko ɗaya na faɗuwa, a ce ya yi sallama ko ya karanta Fatiha a ji ko harshe ya yi nauyi. Ko ɗaya aka gani a nemi mota nan take, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara don likita zai tambaya. Kar a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu a baki, mai irin wannan ciwon sau da yawa haɗiya tana gagararsa, abin sai ya bi ta huhu ya zama wani ciwon na daban. Kar a ba shi asfirin ko a ninka masa maganin hawan jini don a sauke da sauri, domin wani shanyewar toshewa ce wani kuma fashewar jijiya ce, a gida ba mai iya bambancewa. A kwantar da shi ta gefe, mai addu'a ya yi tofinsa a cikin mota ana tafiya.

Yanzu mu zo kan Baba, kuma ina so ki yi masa adalci, don abin da ya faɗa miki ba rigimar tsufa ba ce kawai. Duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne ana shan magani in ana jin ciwo, zazzaɓi ya tafi a ajiye, ciwon ciki ya lafa a ajiye. Shi kuma hawan jini yawancin lokaci ba ya ciwo, mutum zai iya yawo awon jininsa ya kai 180 yana noma yana cin tuwonsa yana raha, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba, kuma cikin kowane mutum 5 masu shi kusan 4 ba sa samun maganin da ya wadatar. Kin ga Baba ba shi kaɗai ba ne. Ciwon kan da ya bari ba shaidar warkewa ba ce, na'ura ce kaɗai ke faɗin gaskiya, in ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka a awo daban-daban to jinin yana sama, mai suga ma likita kan so lambar sama ta sauko wajen 130. Maganin kuma riƙe jinin yake yi, ba ya kashe ciwon, ranar da aka bari jinin zai koma inda ya fito. Tunda Baba manomin rani ne wanda zai yi masa magana ya kawo masa misalin injin ban ruwa, in aka ƙure masa wuta tiyo ba ya kuka ba ya faɗa maka komai, rana ɗaya ne zai fashe ta inda ya fi rauni, a jikin mutum kuwa wuraren nan su ne ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido. Wannan zai shige shi fiye da duk lambobin da na rubuta.

Maganar fitsari kuwa ki ɗauke ta da girma, don ni a ganina nan ne mabuɗin yake. Dattijon da ya saba ya yi alwalar magariba ya zauna masallaci har isha, yanzu an mayar da shi mai zaryar bayan gida a gaban sa'o'insa, wallahi ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Akwai magungunan hawan jini da aikinsu ke nan, su fitar da ruwa da gishiri ta fitsari, irin su Moduretic da ake yawan bayarwa, kuma in ana shan su da yamma sai su hana barci, da safe ya kamata. Amma ba su kaɗai ke sa haka ba, sugan da ya hau shi kansa yana sa yawan fitsari da ƙishi, ga kuma furostet, ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsarar maza da ke girma in shekaru sun ja. Ki tambayi Inna, tunda ya bar maganin fitsarin ya ragu ko yana nan? In yana nan ashe ba laifin maganin ba ne. Ko ma wanne ne likita na iya canzawa, magungunan hawan jini kala-kala ne. Amlodifin kan kumbura ƙafa, sai ki ji ana cewa an taka sammu, lisinofiril kan sa busasshen tari mai naci, duk in an faɗa ana musanyawa da wani, laifin shi ne mutum ya yi shiru ya tura leda ƙarƙashin katifa. Sannan akwai abin da uba ba zai taɓa faɗa wa ɗiyarsa ba, wasu magungunan da shi kansa sugan suna taɓa ƙarfin namiji, kuma maza da yawa saboda wannan suke ajiye magani su fake da wani dalili. Ban ce haka ne ga Baba ba, kuma ba ke za ki tambaya ba, amma ranar asibiti bayan an gama bayani ku fita ku ba shi wuri shi da likita su kaɗai.

Ƙwayoyin kemis ɗin nan sun fi jiƙon tsorata ni. Haɗin ciwon gwiwa da ciwon jiki yawanci ba ya rasa diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci har da deksametason ko firedinisolon, mutum ya sha ya ji garau ya ɗauki fartanya. Ukun farko suna ɗaga jini, suna cin ƙoda, suna kawo olsa, biyun ƙarshe suna ɗaga jini da suga gaba ɗaya. Dattijo mai hawan jini da suga yana shan wannan kullum, ƙodarsa ake yi wa illa a hankali, wankin ƙoda kuwa ba abin da talaka zai so ya ji kuɗinsa ba ne. Sai dai ba za a ce masa ya bari kawai a bar shi da gwiwa tana ciwo ba, in aka yi haka gobe yaro zai koma kemis. A gaya wa likita ciwon gwiwar a matsayin ciwo mai zaman kansa, farasitamol ya fi sauƙi ga irinsu, akwai na shafawa kuma. In ya daɗe yana shan haɗin kullum ma likita ya kamata ya tsara yadda zai bari, don irin su deksametason ba a yanke su rana ɗaya. Jiƙon kuwa ba zan zagi maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu, amma gorar da ba a san abin da ke ciki ba kuma ba a san awonta ba ba a dogara da ita a kan ciwon da ke shanye mutum. Kar ki ɗauke gorar ki zubar, faɗa kawai za ki jawo. A je da ita asibiti, in ana so a gwada gaskiyarta ma ga na'ura nan, a auna shi yanzu da yake kan jiƙon, lambar da ta fito ita za ta yi magana.

Wa zai faɗa masa duk wannan? Ba ke ba, ko in ce ba ke kaɗai ba. Kin san halin gidajenmu, gaskiyar da ɗiya mace ta faɗa a tsakar gida ana biki sai ta zama rashin kunya, ita ɗin dai in ta fito daga bakin ƙaninsa ko amininsa ko limamin masallacinsu sai ta zama shawara. Ki duba cikin Baffanninku wanda Baba ke jin nauyinsa, ki kira shi ki gaishe shi da kyau, ki faɗa masa abin da ya faru da asuba, ki roƙe shi don zumunci ya raka ɗan'uwansa asibiti. In akwai dattijo a garin da ke shan maganin hawan jini yana harkokinsa lafiya, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye kowa na gani, Baba ya san su ya fi ki, Baffa ya ambata masa. Liman kuma zai tuna masa hadisin da ya sani sarai, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. Kar kowa ya ce masa rubutu da addu'a ba su da amfani, a ci gaba da su, a ƙara da asibiti. Ke kuma in za ki yi magana ki yi ta roƙo, ki ce Baba tunda na ji abin nan ba na barci, don Allah ka zo a duba ka ko hankalina ya kwanta. Iyaye da yawa abin da ba za su yi don kansu ba suna yi don tausayin ɗa.

Sai Yaya. Maganar da ya faɗa miki ba ta yi daɗi ba kuma bai kyauta ba, amma ki saurari rabin ta na biyu, ya ce ba shi da kuɗi ana tsakar aiki. Shi ne ke gidan dare da rana, shi ke neman man inji da taki da kuɗin 'yan ƙwadago, shi za a tasa in wani abu ya faru cikin dare, sai ga ƙanwa ta zo biki kwana biyu ta ɗaga katifa ta gano abin da shi da ke gidan bai gani ba. Kunya ce ta koma faɗa, haka maza da yawa suke. Ki bar maganar wa ya fi sani, ki kira shi lokacin da ya dawo daga gona ya ci abinci, ki fara da gode masa, ki ce Yaya kai ne babba ni taimako kawai nake so in yi. Sannan ki zo masa da abu a hannu, ki ce kuɗin magani da kati ni zan ji da su, masauki yana gidana, kai dai ka kawo shi ko ka haɗa shi da Baffa a mota, Argungu zuwa Birnin Kebbi ba wata tafiya ba ce. Sauran 'yan'uwa ma kowa a yanka masa abin da zai iya duk wata komai ƙanƙantarsa, a riƙa turawa wuri ɗaya, bai kamata keken ɗinkinki kaɗai ya ɗauki uban mutum da yawa ba. Kuma cikin lalama ki sa ya yi lissafin da bai yi ba, in Baba ya kwanta wa zai riƙa ɗaga shi, wa zai yi masa wanka ya kai shi bayan gida, wa zai bar gona ya yi jinya wata da watanni? Shi ne da Inna, ba ke da ke gidan miji ba. Kuɗin mota na rana ɗaya ya fi masa arha nesa ba kusa ba. Ta fannin kuɗi kuma ki tambaya a asibiti ko ofishin KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kebbi, yadda ake yi wa dattijo rajista, sannan ki faɗa wa likita ƙarfinku ba tare da jin kunya ba, ya rubuta masu sauƙin kuɗi da ake sha sau ɗaya a rana, a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC.

Inna kuwa ki riƙe ta hannu biyu. Matar nan ta ga abin da ya tsorata ta, an ce mata iska ce, hankalinta bai kwanta ba ta jawo ki gefe ta faɗa miki, ba kowace matar uba ke yin haka ba. Ki yi ƙoƙari kar sunanta ya fito a matsayin wadda ta kai tsegumi, ai ba ita kaɗai ta gani ba. Kuma gaskiya ta faɗa, ita ke kai kwano ita ke jin "wannan miya ce ko ruwa". Don haka ranar asibiti a tafi da ita, dokar gishiri ta fito daga bakin likita a gaban Baba, ta yadda gobe in ya yi ƙorafi za ta ce Malam ai kana wurin aka faɗa. Abin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma cikin lissafin har da magi da ajino da kanwa da yajin tsire, duk gidansu ɗaya a wurin hawan jini. Kar a ware masa tukunya, dattijo in ya ga an ware shi sai ya ji an mayar da shi majinyaci, ya aika a sayo masa tsire a tasha. A rage a tukunyar gida gaba ɗaya kaɗan-kaɗan, mai jefa magi huɗu ta koma uku, bayan sati biyu ta koma biyu, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, a cike gurbin da daddawa da albasa, mu da Aliero ke kusa ai ba ma rasa albasa, da tafarnuwa da citta da kifi. Ta ɓangaren suga ba tuwo za a hana shi ba, manomin shinkafa ka ce kar ya ci shinkafa ai ka so rigima. A rage malmala a ƙara miya da ganye, zogale, rama, kuɓewa, kuka, a riƙa sa wake, a sauya da tuwon dawa ko gero wasu ranakun. Inda sukari yake ɓuya shi ne shayin safe mai cokali uku da madarar gwangwani, da fura da aka zuba wa sukari, da lemon kwalba da baƙi ke kawowa, nan za a fi matsawa. Goro ma ya rage, in yana taba ko ta hanci ce ya bari. Shan maganin kuma a ɗaura shi a kan abin da ba ya tsallakewa, Inna ta miƙa masa tare da karin kumallo kullum, ta fi leda ƙarƙashin katifa tsaro.

In Allah ya hore miki, kyautar da ta fi shadda amfani a wurin Baba yanzu ita ce na'urar awon jini mai batir, wadda ake ɗaurawa a damtse ba ta wuyan hannu ba, da littafi ɗan 40 lif. Ko ɗan sakandare a gidan zai iya. Baba ya zauna ya jingina minti 5, ƙafa a ƙasa, hannu a kan wani abu daidai ƙirji, ba yana dawowa daga fadama ba, ba yana gama cin goro ko shan shayi ba, ba ana hira ba. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya a rubuta da kwanan wata, a ɗauko miki hoto ta WhatsApp, ranar asibiti a tafi da littafin. In aka ga 180 bisa 120 ko sama, musamman da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama ko gani dishi-dishi, ba a kwana da wannan. In na'urar ba ta samu ba ma'aikacin ƙaramin asibitin garin zai iya aunawa sati-sati. Da ya koma kan magani kuma a kula da ɗayan gefen, tsofaffi jininsu kan faɗi in sun miƙe da sauri, ya riƙa zama bakin gado kaɗan kafin ya tashi alwalar asuba, ya sha ruwa sosai lokacin zafin bazara, in gudawa ko amai suka kama shi a tuntuɓi ma'aikacin lafiya a ranar don wasu magungunan ana dakatar da su. Maganin suga kuma wani in an sha ba a ci abinci ba sai suga ya faɗi, mutum ya hau gumi da rawar jiki da sambatu, in yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take. Shi ya sa in yana azumin Litinin da Alhamis, ko Ramadan ya matso, a tambayi likita tun da wuri ya gyara lokutan sha, in ya ce azumin zai cutar to addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Ƙafarsa ma Inna ta riƙa dubawa da dare, mai suga ƙaya ko gwangwani kan yanke shi cikin ruwan fadama bai ji ba, ya sa takalmin roba, ƙaramin rauni in ya ƙi warkewa a nuna. Ido da ƙoda a duba ko sau ɗaya a shekara.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan Baba ya ce shi ba inda za shi. In haka ta faru kar ki yi fushi ki janye kuma kar ki kai ruwa rana da shi. A roƙi ma'aikacin lafiyar garin, wanda ya san shi yake gaishe shi da Baba, ya zo gida ya auna shi a zaure ya nuna masa lambar. Ko Baffa ya nemi alƙawari ƙarami, zuwa ɗaya tak, wata ɗaya a kan sabon magani, in fitsarin bai ragu ba a koma a canza. Dattijo ne mai hankalinsa, ba a ɗaure shi a mota, ba a kuma zuba masa magani a kunu a ɓoye, ranar da ya gane ba zai ƙara yarda da kwanon kowa ba. Abin da ke wuyanki shi ne ki faɗa, ki sauƙaƙa hanya, ki sake faɗa bayan kwana biyu cikin ladabi.

Maigidanki ina ganin tausayinki ya ji, ya ga ba kya barci kuma ba ya son shiga tsakanin surukai, shi ya sa ya ce ki ƙyale. Ki zaunar da shi ki ba shi labarin kofin shayin nan dalla-dalla, ki nemi abu biyu ƙanana, izinin Baba ya sauka gidanku kwana biyu ko uku, da kuma shi da kansa ya bugo ya ce Baba don Allah ka zo, gida gidanka ne. Gayyatar suruki tana da nauyin da dattijo ke jin kunyar ƙi. Ranar da kuka je asibitin kuma, bayan an gama da Baba, ke ma ki miƙa hannunki a auna, Yaya ma in ya zo a auna shi, don hawan jini da suga suna bin jini a gida, ke kuma in kina cikin haihuwa kar ki yi wasa da awon ciki. Ki rubuto min sunayen magungunan da aka ba shi da lambobin satin farko in Allah ya kai mu.